Na So In Shaƙe Shi da Hayaƙi

Ni ban taɓa zama a aji ba, kuma har yau ban ga abin da na rasa ba. Shekara arba'in da ɗaya na yi ina ƙona gawayi, duk wanda ya taɓa hura wuta da nawa ya san da bambanci. Ka ɗauki guda biyu ka gwara, sai ka ji suna ƙara kamar ƙarfe. Maƙera har cacar baki suke yi a kan buhuna. An ce yabon kai jahilci ne. To, ai na riga na gaya muku ban yi makaranta ba, sai ku bar ni in yaba abina.

Filin aikinmu yana can bayan gari, kusa da injin yanka katako, inda ake zubar da ɓawo da guntayen itace. Yau duk gidaje ne a wurin. A wancan zamani kuwa, in ka iso da safe raɓa na kan ciyawa, sai ka tarar da tudu shida ko bakwai suna fitar da hayaƙi a hankali, kamar shanu a kwance suna numfashi. Ban taɓa ganin abin da ya fi wannan kyau ba, kuma ni na ga abubuwa.

Aikin ga yadda yake. Ka jera itace, manya a tsakiya, ƙanana a gefe, ka rufe da ciyawa, ka lulluɓe da ƙasa mai danshi, ka bar 'yan ƙofofi a gindi, sannan ka sa wuta. Daga nan sai ido da hanci. In hayaƙi fari ne mai kauri, ruwan itace ke fita. In ya sirance ya koma shuɗi-shuɗi, aiki ya nuna, sai ka bi ƙofofin nan ɗaya bayan ɗaya ka toshe, ka shafe kowace tsaga da laka. Wuta ta nemi abin shaƙa ta rasa, ta mutu a ciki. Abin da na fi kowa iyawa ke nan a duniya, kashe wuta ba da ruwa ba.

Abokin aikina Guntu ake ce masa, don in ya tsaya a bayan tudu hularsa kaɗai kake gani. Ni kuma Tsawa, saboda murya. In na ƙwala wa Guntu kira daga wannan gefen fili, sai masu injin katako su leƙo su ga ko wani abu ne ya faɗi. Maiɗakina, Allah ya jiƙanta, cewa take yi ba ta buƙatar agogo, tun ina saukowa daga bas take jiyo ni ina ba wani labari, sai ta ɗora ruwan shayi.

To wannan muryar ce ta fara dishewa ina da shekara hamsin da tara. Na ce mura ce. Wata uku ina cewa mura ce. Rannan ina cin abinci na ƙware, na yi ta tari har na ga jini a tafin hannuna. Na yi sauri na goge a wando, ashe ta gani.

"Gobe sai asibiti," in ji ta.

"Wane irin asibiti? Ni da ko allura ba a taɓa yi mini ba."

"To gobe za a fara. In ka ƙi, in je in gaya wa Guntu tsoron allura kake ji."

Kun ji irin matar da na zauna da ita.

Babban asibiti aka tura mu, hawa na biyu, wani dogon baranda mai benci biyu da fanka ɗaya da ke kuka in tana juyawa. Aka zura mini siririn bututu mai fitila ta hanci, aka yanki ɗan nama, aka ce mu dawo bayan kwana goma. Da muka dawo, wadda ta kira mu wata 'yar ƙaramar mace ce mai tabarau, ko 'yata ta biyu ta girme ta. Na ce a raina wannan ai sai dai ta je ta kira mana babban likita. Ashe ita ce.

Ta ce, "Baba, ciwon daji ne, a maƙogwaro, daidai inda murya ke fitowa. Bai yi nisa sosai ba. Za mu gasa shi da hasken na'ura, kullum sau ɗaya ban da ƙarshen mako, har mako bakwai."

"In bai gasu ba fa?"

"Sai wuƙa. A cire wurin gaba ɗaya, a buɗe maka ƙofar numfashi a wuya. Za ka rayu, amma wannan muryar ba za ta dawo ba."

Na riga na ga irin haka a baranda kafin mu shiga. Wani dattijo ne da ɗan ƙyalle a wuya, yana riƙe da littafi da biro, in zai yi wa matarsa magana sai ya rubuta ya miƙa mata. Shi ya iya rubutu. Ni kuwa ko sunana sai dai in dangwala yatsa. In aka ɗauke mini murya, an binne ni ke nan da raina. Ban gaya wa maiɗakina wannan tunani ba, amma a bas ɗin komawa ban ba kowa labari ba, ita ma ba ta tsokane ni ba.

Kafin a fara gashin sai da aka ɗauki hotona a wata na'ura mai kama da bakin rijiya a kwance. An hana ni cin komai tun safe, sannan aka yi mini allurar wani ruwa, aka ce sukari ne da aka yi wa alama don a ga inda zai tafi. Da likita ta nuna mana hoton, jikina duk toka-toka ne, amma kaina yana haske. Na taɓa maiɗakina na ce, "Kin gani ko? Na sha gaya miki."

"Na kowa haka yake yi, Baba," in ji likita. "Ga wanda ya dame mu nan." Ta ɗora biro a kan wani ɗigo a wuyana, yana ci kamar garwashi.

"Shi kuma me ya sa yake haske haka?"

"Haɗama. Ka ga jikin mutum ƙananan ƙwayoyi ne, kowace da ɗan murhunta. Jini yana kawo mata sukari da iskar da ka shaƙa, ta ƙona a hankali, kaɗan ya ishe ta. Su waɗannan kuwa sun yi ta hayayyafa har sun fi ƙarfin hanyoyin jinin da ke wurin, na tsakiya iska ba ta kai musu sosai. Maimakon su haƙura sai suka sauya girki. Su kwashi sukari ninkin-ba-ninkin, su fasa shi sama-sama ba tare da iska ba, su zubar da tsaminsa a kan maƙwabta. Shi ya sa wanda muka sa maka ya taru a can."

Ta ci gaba da magana, ina ganin bakinta yana motsi, amma ni na riga na tafi. Abu biyu na riƙe, yana son sukari, kuma iska ta yi masa kaɗan. Wato wuta ce da ta kusa shaƙewa, saura ƙofa ɗaya ko biyu. Ina zaune a kujerar nan wani daɗi ya ratsa ni. Ashe ciwon da ake ta tsoro, aikina ne.

Mai kula da na'urar gashin wani mutum ne mai sanƙo, mu marasa lafiya muna ce masa Dogo. Shi ya yi mini abin fuska. Ragar roba ce, ya tsoma ta a ruwan zafi ta yi laushi, ya shimfiɗa mini ita daga goshi har kafaɗa, ta sandare ta ɗauki siffata. Kullum in na kwanta sai ya kifa mini ita ya ɗaure a jikin gado, don kada wuyana ya motsa ko kaɗan, hasken ya sauka daidai inda aka auna. Minti goma sha biyar, ba zafi ba komai, sai ƙugin inji. Ranar farko na ce masa, "Wannan ne gashin? Ai ko masara ba za ta gasu ba."

Ya ce, "Baba, ka jira mako na huɗu ka sake faɗa."

Ni dai na ga aikin nasu ba shi da ƙarfi, sai na yanke shawarar in taimaka musu. Ƙarfe goma sha ɗaya ne lokacina a asibiti. Na ce wa maiɗakina ta daina raka ni tunda gwiwarta na damunta, ni kuma zan riƙa biyawa fili da safe in duba aiki, kada Guntu ya mayar mini da itace toka. Ta yarda, bisa sharaɗin ba zan ɗaga komai ba. Ta riƙa haɗa mini abinci a kwano mai murfi, da shayi a filas.

In na isa sai in miƙa wa Guntu kwanon da filas ɗin, in je gindin tudun da ya fi hayaƙi, ta inda iska ke kaɗa shi, in durƙusa in yafa buhu a ka, in yi ta shaƙa.

Guntu ya tsaya a kaina ya ce, "Tsawa, ƙudan zuma ne a cikinka?"

"Toshe ƙofa nake yi. Abin nan da ke wuyana numfashi yake nema, ni kuma zan hana shi. Abinci ma na yanke masa."

"Likita ce ta ce?"

"Likita ta taɓa kashe wuta? Ita ta san sunan abin, ni na san halinsa."

Ya buɗe kwanon ya leƙa. "Ni dai ban ce komai ba. Amma matarka ta iya soya ƙwai."

Haka na yi ta yi har aka gasa ni sau goma sha uku. Kai na sarawa, in na miƙe ƙasa ta juya da ni, sau ɗaya har amai na yi a bayan buhuna. Ni duk murna nake yi, ina cewa in ƙato irina ya ji haka, ina ga ɗan ɗigon nan. Da yamma a gida in ɗan tsakuri abinci in ture, in ce maƙogwaro ne. Sai da na ƙara huda biyu a bel ɗina. Guntu kuwa har kumatu ya yi.

Dogo ne ya kama ni. Ya kifa mini ragar ya ɗaure, ya tsaya yana kallona, ya ce, "Baba, juya kanka in gani."

Na juya, har da nuna masa ta ɗaya gefen.

"Ai bai kamata ka iya ba." Ya kwance ragar. "Fuskarka ta gudu ta bar gidanta. Kuma kullum in ka shigo sai ɗakin nan ya yi warin gobara. Taba kake sha?"

"Ban taɓa sa ta a bakina ba."

"To yau ba gashi. Hau sikeli."

Kilo shida na zubar. Ya buga waya sama, aka ce in zo washegari, kuma in zo da maiɗakina.

Da muka zauna, likita ta miƙo mini wata 'yar na'ura mai bututu ta ce in riƙe numfashi sannan in hura. Ta dubi lambar da ta fito, ta dube ni. "Wannan ai ta mai shan kwalin taba biyu a rana ce. Baba, ina kake zuwa da safe?"

Ni ban ga abin ɓoyewa ba, dama jira nake a tambaye ni. Na gyara zama na zayyana musu komai, da buhun da nake yafawa, da yadda nake zaɓar tudu, da abincin da na yanke wa abokin gaba. Na ɗauka in na gama za ta kira sauran likitoci su zo su ji.

Maiɗakina ce ta fara magana, a hankali. "Ƙwan da nake soyawa fa?"

"Guntu."

"Madarar?"

"Ita ma Guntu."

"Wato kusan mako uku ke nan ina kiwon Guntu."

Likita ta cire tabarau ta ajiye a kan tebur. Na ɗauka faɗa za ta yi, na ma shirya amsa. Sai ta ce, "Baba, ni ban taɓa ganin yadda ake gawayi ba. Koya mini."

Ai kuwa ta sosa mini inda ke ƙaiƙayi. Da dishasshiyar muryata na jera mata itace a kan teburinta, na rufe, na sa wuta, na nuna mata launin hayaƙi, na toshe ƙofofi da biro da tabarau ɗinta. Ta saurara har ƙarshe, ba ta katse ni ba.

"Na gane," in ji ta. "In ka toshe duka, wuta ta mutu. To kafin ka toshe duka, kwanakin nan da take ci da 'yar iska kaɗan, me itacen yake zama?"

"Gawayi mana."

"Da itace da gawayi, wanne ya fi daɗewa?"

"Gawayi ko shekara ɗari ya yi a ƙasa ba ya ruɓa. Ko gara ba ta kula shi."

"In kuma tudu ya tsage, iska ta shiga da yawa?"

"Ai wannan ita ce asara. Wurin ya ci ya cinye, sai toka, ko ƙwaya ba ka tsinta."

"To ni toka nake nema, Baba."

Fankar baranda na jiyo tana kukanta ta ƙofa.

Ta ce, "Ba za ka iya toshe shi duka ba, don maƙogwaron da yake ciki naka ne. Kafin ya shaƙe, kai ka riga shi. Rabin toshewa kawai za ka iya, shi kuma ya saba da ita. Rannan na gaya maka, ban sani ba ko kana ji. Akwai wani abu a cikin ƙwayoyin nan kamar mai gadi. In da iska, ana yin sa ana rushe shi, ba ya kwana. In iska ta ragu sai ya taru ya shiga ba da umarni, a ƙara jan sukari, a aika a jawo sabbin hanyoyin jini, wasu ma su tattara su yi ƙaura zuwa wani wuri a jikinka. Hasken da Dogo ke sa maka kuma, raunin da yake yi musu iska ce ke hana shi warkewa. Inda babu ita sai su ɗinke su tashi. Sai an ninka hasken kusan sau uku kafin ya kayar da su, mu kuma ba za mu ninka ba, wuyanka ne zai ƙone. Hayaƙin da kake shaƙa hawa jininka yake yi ya zauna a kujerar iska."

"Yunwar fa? Ita ma ba ta taɓa shi ba?"

"In ka ƙi ci, jikinka zai narka naman cinyarka ya yi sukari, shi kuma shi ne farkon miƙa hannu a kwano. Kai ne ka rame. Shi ko yini ɗaya bai yi da yunwa ba."

Abin da ya fi ba ni haushi, duk na san wannan tun ba a haife ta ba. Da bakina na faɗa mata. Wuta mai rabin iska ba mutuwa take yi ba, taurara abu take yi. Na yi shekara arba'in ina ci da wannan sani, na zo na durƙusa ina yi wa abokin gabana gawayi a cikin wuyana.

Na ce, "Na ɓata ke nan?"

"Ban sani ba, Baba, kuma ba zan yi maka ƙarya ba. Goma sha ukun nan ba zan iya dawo da su ba. Saura ashirin da biyu. Ka ba ni su da jini mai iska da jiki mai nama, sannan mu gani."

"Za ki same su, 'yata," in ji maiɗakina. "Ko da ɗaure shi zan yi a ƙafar gado."

A matakala muna saukowa ba ta dube ni ba. Sai da muka kai ƙasa ta tsaya tana murza gwiwa ta ce, "Shekara talatin da shida ina roƙon Allah ya sa ka yi shiru na minti biyar. Ban ce har abada ba."

Aka sake ɗaukar hoto, Dogo ya yi mini sabuwar raga daidai da sabuwar fuskata, aka ci gaba. Fili kuwa an haramta mini shi. Guntu ya zo gaishe ni da yamma, hula a hannu. Maiɗakina ta tare shi a ƙofa ta shinshina shi, ta miƙa masa sabulu da bokiti da tsohuwar rigata, ta ce sai ya wanke hayaƙin zai shiga. Ya shigo rigar na jan ƙasa. Ta dubi kumatunsa ta ce, "Sannu da jinya, Guntu. Na ga ta karɓe ka." Bai ƙara minti goma ba ya ce ya bar wuta a fili.

Waɗannan makonnin su ne mafi wuya da na taɓa yi, kuma in da za a ce in zaɓi kwanakin da zan sake rayuwa, su zan zaɓa. Likita ta ce in riƙa tafiya a ƙasa inda iska ke da kyau. Kullum da safe sai mu bi hanyar da ta wuce ta bayan tankin ruwa, inda itatuwa suka yi layi, tana riƙe da hannuna saboda gwiwarta, ko kuma saboda jirina, ba wanda ya tambaya. Tun da aka yi aurenmu ba mu taɓa fita tare ba tare da wurin zuwa ba sai a lokacin. Akwai wani kututture a ƙarshen hanyar, mu zauna ta ce, "Ja numfashi, likita na jira." In ja, in ji ƙanshin jiƙaƙƙen ganye, abin da hancina ya manta da shi.

A mako na huɗu Dogo ya tambaye ni labarin masara. Na ɗaga masa hannu biyu sama. Fatar wuyana ta yi baƙi ta fara saɓulewa, haɗiyar yawu kamar haɗiyar fasasshiyar kwalba. Maiɗakina ta dafa shinkafa ta dame ta da madara da ƙwai har ta zama ruwa-ruwa, ta zauna a gabana da cokali. "Wannan na likita ne. Wannan na Dogo. Wannan kuma cikin waɗanda Guntu ya cinye maka." Hawaye na zuba ina haɗiyewa. Ko cokali ɗaya ban taɓa mayarwa ba, ku rubuta wannan, don ba kowane namiji zai iya ba.

A mako na shida muryar ta ɗauke ɗif. In buɗe baki, sai iska. Likita ta ce kumburin gashi ne, yakan faru, amma ni na san abin da nake tsoro. Muka ƙirƙiro hanyar magana da cokali da kofi. Bugu ɗaya, ruwa. Biyu, zo. Uku, ban yarda ba. Ukun ne ya fi aiki.

A cikin shirun nan ne na gano ashe matata tana da labarai. Ta ba ni na kakarta da ta yi kokawa da ɗan maraƙi a bakin rafi, da na ranar da ta fara ganina na zo kai wa babanta gawayi, ta ce haƙora da idanu kawai ta gani, ta ruga ta gaya wa mahaifiyarta wani abu ya shigo gida. Ta ce tun shekarar aurenmu ta fara ba ni wannan labari, sau huɗu, kowane karo ina karɓe shi daga bakinta in sa nawa. Na buga kofi sau uku. Ta ce, "Buga har ya fashe, yau sai na kai ƙarshe." Ta kuwa kai. Tana da wata irin dariya da take rufe baki da gefen mayafi, kafaɗunta kaɗai ke rawa.

Aka gama gashin, aka ce sai bayan wata uku za a san gaskiya. Muryar ta fara dawowa kaɗan-kaɗan, kamar ƙofar da ta yi tsatsa. Na so in fara shela, likita ta ce kada in yi saurin murna, murya na iya dawowa alhali saura na ɓoye a ƙasa.

Ranar dubawa maiɗakina ta sa ni na saka rigata mai kyau. Aka sake hoton sukarin nan, sannan likita ta zura mini bututun fitila ta hanci, tana kallon allon da ke gefena. Ta ce in ce "iii", na ce. Ta ce in sake. Ta juya bututun, ta koma ta dubi hoton, ta sake dawowa. Sannan ta ce a kira mata likitan tiyata, mai wuƙar ke nan. Na ji hannun maiɗakina ya kama gefen rigata ya murɗe. Mutumin ya shigo, ƙato mai gashin baki, ya sunkuya a kan allon. Su biyu suka yi ta magana ƙasa-ƙasa da harshensu na asibiti, ni kuma ga bututu a hanci, ba damar tambaya.

Ya miƙe ya dube ni ya ce, "Baba, ni ba ni da aiki a nan. Tabo ne kawai." Ya fita abinsa.

Likita ta zare bututun. "Za ka riƙa zuwa muna dubawa har shekara biyar. Hayaƙi kuwa kun rabu ke nan."

Na ce, "'Yata, ai dama na san ni da ke za mu iya."

"Kai da wa?" in ji maiɗakina.

Kafin bas ya zo, duk wanda ke tasha ya ji yadda aka yi. Na gaya wa wata mai jariri, na gaya wa wani mai ɗauke da taya, na bayyana musu mai gadin da ke cikin ƙwayoyi da yadda ake hana shi taruwa, har wani ya tambaye ni ko a asibitin nake aiki. Maiɗakina na gefe tana cewa, "Ka gaya musu na buhun. Ka tsallake na buhun." Na ce mata wannan ba ya cikin muhimman wurare.

Shebur ɗina da cokalin haƙa na bar wa Guntu, ban sake kwana da warin hayaƙi a jikina ba. Yau shekara ashirin da biyu ke nan, likitar ma ta yi furfura, in na je gaishe ta sai ta tara ɗalibanta ta ce in koya musu gawayi. Muryar ba ta koma yadda take ba, ta zama mai kaushi, in na daɗe ina magana sai na kurɓi ruwa. Amma ta ishe ni in yi musu da maiɗakina shekara goma sha ɗaya bayan nan, kullum, daga shayin safe har a share tsakar gida da yamma. A cikin shekarun nan na kayar da ita a musu sau biyu. Ita ta ce sau ɗaya ne.